Roland Garros, Matuƙin Jirgin da Ya Tsallake Bahar Rum

Duk wanda ke kallon talabijin ya taɓa jin sunan Roland Garros, wato gasar ƙwallon tanis da ake yi a birnin Paris kowace shekara. Da yawanmu mun ɗauka wani gwanin tanis ne. Ashe mutumin matuƙin jirgin sama ne, kuma a fagen yaƙi ya mutu.

An haife shi ranar 6 ga Oktoba 1888 a garin Saint-Denis, a tsibirin Réunion da ke gabas da Madagaska. Mahaifinsa lauya ne. Yana ɗan shekara huɗu suka koma Saigon, a ƙasar da yanzu ake kira Biyetnam, daga baya kuma aka tura shi Faransa karatu shi kaɗai, iyayensa na can nesa. Ya yi fama da ciwon huhu, hawan keke ne ya taimaka masa ƙarfinsa ya dawo. Da ya gama makarantar kasuwanci sai ya buɗe shagon sayar da motoci a Paris.

A watan Agusta 1909 ya je kallon bikin jiragen sama kusa da garin Reims. To, daga nan ne fa hankalinsa ya bar mota. Ya sayi wani ɗan ƙaramin jirgi mai suna Demoiselle, ya koya wa kansa tuƙi, a 1910 ya samu takardar izini. Kada ku ɗauka irin jiragen da muke gani yanzu ne. Katako ne da waya da yadi, matuƙi na zaune a fili iska na dukansa, ga sanyi, ga shi babu lemar dirowa. In inji ya tsaya a sama, sai dai dabararka. A cikin irin wannan abu Garros ya hau sama har mita 5,610 a birnin Tunis a watan Disamba 1912, tsayin da babu wanda ya taɓa kaiwa kafinsa.

Abin da ya fi ɗaga sunansa ya faru ranar 23 ga Satumba 1913. Da sassafe ya tashi daga Fréjus a kudancin Faransa, ya nufi Afirka, ba tare da sauka ko'ina ba. Injin ya samu matsala a hanya, amma bai juya ba. Bayan kusan awa takwas ya sauka a Bizerte ta ƙasar Tunisiya, tafiyar kilomita wajen 780. Da lita 200 na mai ya tashi, da ya sauka lita biyar kacal suka rage a tanki. Shi ne mutum na farko da ya tsallake Bahar Rum a jirgin sama.

Shekara ba ta cika ba sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, ya shiga soja. A farkon yaƙin aikin jirage leƙen asirin abokan gaba ne, in matuƙa sun haɗu a sama sai su harbi juna da ƙananan bindigogi. Matsalar ita ce, farfela tana gaban jirgi. In ka ɗora babbar bindiga ka harba gaba, farfelarka za ka kakkarya. Garros da mai ƙera jirage Raymond Saulnier suka liƙa ƙarafa masu kauri a jikin farfelar, yadda harsashin da ya same ta zai goce gefe, sauran su wuce. A ganina dabara ce mai ban tsoro, don mutum na harbin abin da ke riƙe da shi a sama ne. Amma ta yi aiki. Ranar 1 ga Afrilu 1915 ya kakkaɓo jirgin Jamus, kafin sati uku ya ƙara biyu.

Ranar 18 ga wannan watan dole ta sa ya sauka a yankin Beljiyam da ke hannun Jamusawa. Ya yi ƙoƙarin ƙone jirgin don kada su ga sirrin, amma farfela da bindigar ba su ƙone ba. Aka kama shi. Ba a jima ba kamfanin Fokker ya fito da abin da ya fi nasa: na'urar da ke hana bindiga tashi a daidai lokacin da farfela ke giftawa. Jiragen Jamus suka yi watanni suna gallaza wa Faransawa da Ingilishi da ita.

Kusan shekara uku ya yi a tsare, ana ta canza masa sansani. A watan Fabrairu 1918 shi da abokinsa Anselme Marchal suka gyara tufafinsu suka yi kama da na hafsoshin Jamus, suka fice daga sansanin Magdeburg, suka tsallaka Holan, suka bi ta Ingila suka dawo gida. An so ya zauna a ofis ya riƙa ba da shawara, ya ƙi. Ga shi idanunsa sun yi rauni har sai da tabarau, jirage kuma sun canza sosai tun tafiyarsa, dole ya sake koyon tuƙi kamar sabon ɗalibi. Duk da haka ya koma rundunarsa.

Ranar 2 ga Oktoba 1918 ya kakkaɓo jirginsa na huɗu. Bayan kwana uku, ranar 5 ga wata, aka harbo shi kusa da garin Vouziers, saura kwana ɗaya ya cika shekara talatin. A can aka binne shi. Sati biyar bayan haka yaƙin ya ƙare.

A 1928 aka gina sabon filin tanis a Paris. Émile Lesieur, abokinsa tun zamanin makaranta, shi ne shugaban ƙungiyar wasannin da ta ba da filin, kuma shi ya dage sai an sa masa sunan Roland Garros. Babban filin jirgin saman tsibirin Réunion ma sunansa yake ɗauke da shi.