Dakta Dalziel: Likitan Da Ya Adana Sunayen Itatuwan Ƙasar Hausa

Duk Bahaushen da ya san itacen hano ya san abin da ke ɗauke da sunan Dakta John McEwen Dalziel, domin masana suna kiran itacen Boswellia dalzielii don karrama shi.

An haife shi a Indiya a shekarar 1872, ya karanci likitanci a Edinbara. A 1905 ya zo aikin asibiti Afirka ta Yamma. A Nijeriya ta Arewa ya riƙa tsinto ganyaye yana tambayar mutane sunayensu da amfaninsu, har ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916.

Daga baya ya koma lambun bincike na Kew a Ingila, inda shi da John Hutchinson suka rubuta littafin da ya rarraba tsirran yankin dangi-dangi, tsakanin 1927 da 1936. Littafin ya haɗa da ƙasar Kurfai da Filinge, kuma a cikinsa akwai dangin kabeji, wanda wasu 'ya'yansa irin su Farsetia suke tsirowa a rairayin bakin hamada.

A lokacinsu da siffar fure da 'ya'ya ake gane zumunta. Binciken ƙwayoyin halitta tun daga shekarun 1990 ya tabbatar cewa gasaya, da anza da ta ceci rayuka a shekarun yunwa, makusantan dangin kabeji ne, zogale kuma ɗan'uwansu ne na nesa.

Dalziel ya rasu a 1948. Har gobe masu bincike na dogaro da sunayen da ya tattara daga bakin manoma da makiyaya.