Nikola Pusan, Mai Zanen Mabuɗan Bitrus

An haifi Nikola Pusan a Normandi ta ƙasar Faransa cikin shekara ta 1594. Yana da shekara talatin ya tafi Roma, ya sha talauci da ciwo kafin sunansa ya fito. A 1640 Sarkin Faransa ya kira shi Faris ya ɗaukaka shi, amma hassadar abokan sana'a ta ishe shi. Bayan shekara biyu ya koma Roma, bai ƙara taka ƙasarsu ba.

Sau biyu ya zana sakramenti bakwai na ikkilisiyar Katolika. Sa'ad da ya zo kan naɗin firist kuwa, bai zana bishop ba, ko bagadi, ko tufafin ado. Ga Yesu tsaye a fili, Bitrus a durƙushe yana karɓar mabuɗai, sauran manzanni sun kewaye su. Ku buɗe Matta 16:13-19 ku ga inda ya samo wannan, ko da yake ikkilisiyoyi sun bambanta a kan fassarar wurin. Zane na biyu, na 1647, yana Edinbara.

Da tsufa ya zo, hannunsa ya riƙa rawa, duk da haka bai ajiye aiki ba sai dab da mutuwarsa a Roma, a 1665.