Sol Hoopii, Makaɗin Da Ya Sauya Ɗaurin Tsirkiya

A hutun da ya wuce na tarar da wata tsohuwar jita a ɗakin yayana, duk ƙura ta rufe ta. Na yi ta fama in danna tsirkiyoyinta, yatsuna suka yi jawur, kiɗa bai fito ba. Da ya ga wahalar ta yi yawa, sai ya ce in kwantar da ita bisa cinya in riƙa zame mata bayan wuƙa, wai haka mutanen Hawai ke yi. Daga nan na shiga neman labarin wannan irin kiɗa, har na gamu da mutumin da na ke so in ba ku tarihinsa, watau Sol Hoopii.

An haife shi a Honolulu, babban birnin tsibiran Hawai da ke tsakiyar tekun Fasifik, cikin 1902. Shi ne ɗa na 21 a gidansu. Tun yana ƙarami ya fara kaɗa ukulele, wata 'yar jita mai tsirkiya huɗu, sa'an nan ya koma ga jitar da a ke kwantarwa. Wannan salo kuwa wani ɗan makaranta kamarmu, Joseph Kekuku, ya ƙago shi wajen ƙarshen ƙarni na 19. Ba a danna tsirkiya da yatsa. Makaɗi ya kan riƙe ɗan guntun ƙarfe mai santsi a hannun hagu yana zame shi bisa tsirkiyoyin, dama na kaɗawa. Sai ka ji amon yana miƙewa yana lanƙwasa kamar muryar mutum.

Cikin 1919 shi da abokansa biyu suka ɓuya cikin jirgin ruwa mai suna Matsonia da za shi San Francisco, ba su da kuɗin jirgi. Asirinsu ya tonu a tsakiyar teku. Kiɗa ne ya cece su, don da fasinjoji suka ji shi sai suka haɗa kuɗi suka biya musu. A 1924 ya koma Los Angeles, ya kafa ƙungiya ta mutum uku, suka shiga yin faifan garmaho da wasa a gidajen rawa.

To, a nan ne matsala ta ke, kuma ni kaina na ɗanɗane ta. Ƙarfe miƙaƙƙe ne, ba ya lanƙwasuwa kamar yatsu. Duk inda ka aza shi, haɗin sautin da ka ɗaura tun farko shi zai ba ka, sai dai ya hau ko ya sauka. Turawa suna kiran sautuka da haruffa, ɗaurin da aka saba da shi a lokacin kuwa shi ne na A. Daga tsirkiya mafi kauri zuwa siririya: E, A, E, A, C#, E. Amonsa na fara'a ne, ya kuma wadatar ga waƙoƙin Hawai. Amma mutanen Los Angeles kiɗan jaz su ke biya su ji, shi kuwa cike ya ke da haɗin sauti iri iri, har da mai amon juyayi. Makaɗi na iya karkata ƙarfen ya kamo tsirkiya biyu ko uku, amma abin da wuya cikin kiɗa mai sauri.

Hoopii sai ya koma ga kunnuwan jita. Ɗaurin da aka fi saninsa da shi a ke kira C# mai juyayi, ga kuma yadda wani zubinsa ya ke. Ka ɗauki ɗaurin A, ka sassauta tsirkiya ta uku, in ka ƙirgo daga siririya, ta sauko G#, ka ƙara matse ta biyar ta hau B. Shi ke nan. Yanzu huɗun masu kauri suna ba da amon fara'a, ukun sirara na juyayi, duk a ƙarƙashin ƙarfe ɗaya, ba sai an karkata shi ba. A ganina wannan 'yar dabara ta fi saurin hannunsa da a ke ta yabo muhimmanci, don sauri nasa ne shi kaɗai, ɗauri kuwa kowa na iya ɗauka. Aka kuwa ɗauka. Bayansa Jerry Byrd ya shahara da ɗaurin C6, wasu kuma suka sa aka ƙera musu jita mai wuya biyu, uku, har huɗu, kowane da nasa ɗaurin, kafin jita mai feda ta yaɗu a shekarun 1950.

Ya yi zamani da jitar National mai jikin ƙarfe, wajen 1935 ya koma ta lantarki ta Rickenbacker. An ji kiɗansa a siliman Hollywood, kamar Bird of Paradise na 1932. Ana cikin haka, a 1938, tauraronsa na tsakiyar haskawa, ya bar gidajen rawa ya bi wata mai wa'azin Kirista, Aimee Semple McPherson, ya koma kaɗa waƙoƙin addini. A ƙarshen rayuwarsa ciwon sukari ya taɓa masa idanu. Ya rasu a Seattle ran 16 ga Nuwamba, 1953.

Ni ma na gwada ɗaurin nasa a jitar yayana. Ta uku ta sauka lafiya. Ina cikin murɗa ta biyar, ashe tsatsa ta riga ta cinye ta, sai ji na yi tas! ta tsinke ta tsula mini a bayan hannu. Har yanzu jitar tsirkiya biyar gare ta, yayana kuma ya ce daga kuɗin guzurina za a sayo sabuwa.