Ed Wood: Daraktan da ya mutu a talauce kafin kaset ɗin bidiyo ya farfaɗo da sunansa

Ranar 10 ga Disamban 1978, wani daraktan fim mai suna Ed Wood ya mutu sakamakon bugun zuciya a gidan abokinsa a birnin Los Angeles na Amurka. Kwana uku ke nan da aka kore shi da matarsa Kathy daga gidan da suke haya. Shekararsa 54, giya ta riga ta cinye shi, ba shi da ko sisi.

An haife shi ranar 10 ga Oktoban 1924 a garin Poughkeepsie na jihar New York. Tun yana saurayi ya yi aikin nuna wa 'yan kallo kujera a sinima. Ya shiga rundunar sojin ruwa a 1942, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya nufi Hollywood a 1947 da burin shirya fim.

Ya isa a kan gaɓa. A shekarun 1950 hankalin Amurkawa ya koma kan rokoki da labaran halittun wasu duniyoyi, sinimomi kuma na neman irin waɗannan finafinai. Manyan kamfanoni na zuba kuɗi, misali Forbidden Planet na 1956 ya laƙume kusan dala miliyan biyu. Shi kuwa Wood da kimanin dala 60,000 ya haɗa nasa, Plan 9 from Outer Space.

Labarin fim ɗin shi ne wasu halittu sun sauko daga sararin samaniya suna tayar da matattu, don su hana ɗan'adam ƙera makamin da zai tarwatsa duniyoyi baki ɗaya. Kuɗin ya fito ne daga wasu 'yan cocin Baptist, ciki har da mai gidan da yake haya, har aka yi wa Wood da wasu 'yan wasansa baftisma.

Rashin kuɗi ya bayyana a ko'ina. Jiragen nan masu siffar faifai kayan wasan yara ne aka rataye da zare. Duwatsun kaburbura na kwali ne, ana taɓa su suna rawa. A fitowa guda sai ka ga rana tsaka, ka ƙifta ido dare ya yi.

Abin da aka fi yi masa dariya a kai shi ne batun Bela Lugosi, tauraron Dracula na 1931, wanda Wood ya jawo a jiki lokacin da tsufa da miyagun ƙwayoyi suka sa Hollywood ta juya masa baya. Lugosi ya mutu a watan Agustan 1956, kafin a fara ɗaukar fim ɗin. Sai Wood ya ɗauko 'yan hotunan da ya taɓa ɗaukarsa ya cusa a ciki, sauran wuraren kuma ya sa likitan ƙashi da ke duba matarsa ya maye gurbinsa. Mutumin ya fi Lugosi tsawo kuma ba su yi kama ba, don haka ya riƙa rufe fuska da alkyabba.

Fim ɗin bai yi kasuwa ba, Wood bai ci moriyarsa ba. Ƙarshen rayuwarsa ya koma rubuta littattafai da finafinan batsa don samun na abinci.

Shekara biyu da mutuwarsa, a 1980, Harry da Michael Medved suka fitar da littafin The Golden Turkey Awards, inda aka naɗa shi darakta mafi muni a tarihi, Plan 9 kuma fim mafi muni. Zagin nan ya zama talla. Lokacin na'urar bidiyo ta fara shiga gidaje, shagunan hayar kaset na neman kaya masu araha, jama'a kuma na son ganin munin da idonsu. Kaset ya ba su abin da sinima ba ta bayarwa, wato a mayar da fim baya a sake kallon kuskure.

Sai dai kiran sa mafi muni akwai rashin adalci. An yi finafinai barkatai a zamaninsa da ba mai iya zama ya kalle su har ƙarshe, nasa kuwa ba ya gundura, domin da gaske yake yi.

A 1994 Tim Burton ya shirya fim kan rayuwarsa, Johnny Depp ya fito a matsayin Wood. Ya lashe kyautar Oscar biyu, ɗaya ta Martin Landau ce da ya fito a matsayin Lugosi. A 2006 kamfanin Legend Films ya sanya wa Plan 9 launi ya fitar da shi a faifan DVD. A wannan shekarar Kathy ta mutu, ba ta sake aure ba.