Jibo Bakari: haɗakar da ta ba shi mulki, ita ta kayar da shi

An haifi Jibo Bakari a 1922 a Sudure, kusa da Yamai, amma a Tawa ya fara lakol, can kuma ya iya Hausa. Bayan karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya koyar a Birnin Ƙonni, kafin a mayar da shi Agadas.

A 1947 ya zama babban sakataren jam'iyyar PPN, reshen RDA a Nijar. Da shugabannin RDA suka raba gari da ƴan kwaminis na Faransa a 1950, Jibo ya ƙi bin su, ya rabu da Jori Hamani. A 1954 ya kafa UDN, ƙaramar jam'iyya da ta dogara da ƴan ƙwadago, direbobi da ƙananan ƴan kasuwa. Talakawa suka riƙa kiranta Sawaba.

Ita kaɗai ba ta iya cin zaɓe, shi ya sa a 1956 ta haɗe da BNA, wadda ta fito daga ɓarakar UNIS kuma take da goyon bayan sarakuna, aka samu MSA. Haɗakar ta ba Jibo kujerar magajin garin Yamai, ta kuma ci kujeru 41 cikin 60 a zaɓen Maris 1957, ya jagoranci gwamnatin farko ta Nijar.

Sai dai buƙatun talakawa da na sarakuna ba ɗaya ba ne. Da Jibo ya nemi a ƙi tayin Janar De Gaulle a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, sarakuna da yawa da wasu jagororin tsohuwar BNA, irin su Isufu Sa'idu Jarmakwai, suka koma ɓangaren gwamnan Faransa. Ya sha kaye, ya sauka daga mulki, aka haramta Sawaba a 1959.

Daga gudun hijira ya turo mayaƙa a 1964, har ta yankin Ƙonni, aka murƙushe su. Ya dawo gida bayan juyin mulkin Saini Kunce, aka tsare shi shekaru. Da aka koma tsarin jam'iyyu da yawa, Sawaba ta rabu biyu, UDFP da UDFR. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993 bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.