Heinrich Barth (1821-1865): Ɗalibin Girkanci da Ya Zama Abdulkarim a Ƙasar Hausa

Manazarta Hausa sun fi sanin Heinrich Barth a matsayin matafiyin da ya bayyana Kano da Katsina da Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne irin karatun da ya yi kafin ya tako ƙasar Sudan, alhali wannan karatu ne ya bambanta rubutunsa da na Turawan da suka riga shi zuwa.

An haifi Barth a birnin Hamburg na Jamus ranar 16 ga Fabrairu, 1821, a gidan wani ɗan kasuwa mai hali. A 1839 ya shiga Jami'ar Berlin, inda ya karanta harsunan Girkanci da Latinanci da tarihin mutanen da. Malamai biyu ne suka fi yin tasiri a kansa. August Böckh ya koyar da cewa nazarin tsohon harshe bai tsaya ga nahawu ba, dole ne ya haɗa da sanin yadda masu harshen suka yi ciniki, suka biya haraji, suka gudanar da mulki. Carl Ritter kuwa ya koya masa labarin ƙasa, da yadda tudu da kwari da hanyar ruwa suke juya tarihin al'umma. A 1844 Barth ya sami digirin dakta da kundin da ya rubuta cikin Latinanci a kan kasuwancin tsohon birnin Korinti na Girka.

Daga 1845 zuwa 1847 ya zagaya gaɓar Bahar Rum, daga Maroko zuwa Masar da Sham, yana duba kufayen Rumawa da Girkawa, yana kuma ƙara gogewa a Larabci. A kusa da iyakar Masar 'yan fashi suka raunata shi, suka kwashe yawancin abin da ya rubuta. Da ya koma Berlin ya fara koyarwa, amma ɗalibai ba su yi tururuwa zuwa darasinsa ba. Saboda haka lokacin da gwamnatin Ingila ta shirya tafiya zuwa tsakiyar Afirka ƙarƙashin James Richardson, sai ya shiga tare da wani Bajamushe, Adolf Overweg. Suka tashi daga Tarabulus a Maris 1850.

Richardson ya rasu a ƙasar Barno a 1851, Overweg ya bi shi a 1852 kusa da Tafkin Cadi. Barth, wanda ya riga ya ɗauki sunan Abdulkarim, ya ci gaba shi kaɗai. Ya shiga Agadas a 1850, ya bi ta Katsina ya isa Kano a Fabrairu 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. A nan ne karatun Korinti ya yi masa rana. Bai tsaya ga kwatanta ganuwa da kasuwa ba, sai da ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000, ya bi diddigin saƙa da rini, ya lissafa darajar tufafin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, ya kuma nuna yadda kayan Kano suke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Tambayoyin da Böckh ya koya masa ya yi wa Girka ta da, su ya yi wa Kano ta zamaninsa.

Babbar gadon da ya ɗauko daga jami'a ita ce ɗabi'ar neman rubutaccen tushe. Wanda aka horar da shi a kan tsofaffin littattafai, idan ya sauka a gari, abin da yake fara tambaya shi ne me malamansa suka rubuta. A Kukawa ya samo jerin sarakunan Barno da tarihin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alooma na Imam Ahmad ibn Furtu. A 1853, bayan ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya karanta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello. A Gwandu ya ci karo da Tarikhus Sudan, ya kwashe kwanaki yana kwafar sassansa, kuma ta hannunsa masanan Turai suka fara sanin tarihin daular Songhai daki-daki. Ya jingina littafin ga Ahmad Baba, alhali Abdurrahman as-Sa'adi ne marubucinsa. Wannan kuskure ne, amma bai rage nauyin abin da ya tabbatar ba, wato cewa ƙasashen nan suna da tarihi rubutacce, a lokacin da manyan masanan Jamus suke musun haka.

Sai dai karatun nan yana da nasa tarko. Barth ya kan ga inuwar Girka a inda babu ita. Da ya tarar da zane-zanen dutse a hamadar Fezzan, sai ya fassara su da tatsuniyoyin Girkawa. Haka kuma ya yi ƙoƙarin danganta Hausawa da wata al'umma mai suna Atarantes da Herodotus ya ambata, yana dogaro da kamannin sunan da kalmar tara ta Hausa. Kamannin sauti kaɗai ba ya zama hujja a kimiyyar harshe, kuma wannan ra'ayi bai samu karɓuwa ba.

A Satumba 1853 ya isa Tumbutu, inda Shehu Ahmad al-Bakka'i ya kare shi daga masu neman ransa har tsawon watanni. Ya koma Tarabulus a 1855, ya wuce Landan tare da yara biyu da Overweg ya 'yanta, Abbega da Dorugu. Daga bakin Dorugu ne J. F. Schön ya rubuta labaran da suka shiga Magana Hausa, don haka tafiyar Barth tana da hannu a farkon rubutun zube na Hausa cikin boko.

Littafin tafiyarsa ya fito cikin juzu'i 5 a 1857 da 1858, da Ingilishi da Jamusanci. Masu karatu sun same shi da nauyi, domin sun fi son labarin kasada irin na Livingstone. Daga 1862 ya fara fitar da nazarinsa na kwatanta harsunan tsakiyar Afirka, ciki har da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Songhai. Jami'ar Berlin ba ta ba shi kujerar Ritter ba, sai a 1863 ta naɗa shi farfesa mai ƙaramin matsayi. Ya rasu a Berlin ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44, aikin harsunan bai kammala ba.