NANA ASMA'U: DABARAR DA TA KAI ILMI ƘAUYE

An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Degel cikin shekarar 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka cikin wahalolin jihadi ta tashi, ga yunwa ga ƙaura, amma duk wannan bai raba ta da allo ba. Ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma yi rubutu da dukkansu. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato.

Bayan da ƙasa ta kwanta, sai wata matsala ta ɓullo wadda takobi ba ya maganinta. Dubban mata na ƙauyuka, da waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu, ba su san ko farillan alwala ba. In ciwo ya zo ko baƙin ciki, wurin 'yan bori suke nufa. Ba su iya karatu ba, balle a aika musu da littafi. Galibinsu kuwa matan aure ne, ba su da halin barin gidajensu su zo Sakkwato ɗaukar karatu.

A nan ne basirar Asma'u ta bayyana. Da fari ta lura cewa macen da ba ta san baƙi ba tana iya riƙe waƙa a ka, ta rera ta wajen daka ko kaɗi. Don haka ta mai da darasi waƙa. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe, ta yi waƙoƙi kan tauhidi da tarihin Annabi da na salihan mata, ta kuma juya waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa don talakawa su ji.

Na biyu, ta duba waɗanda tafiya ba ta yi musu wuya, watau dattawan mata da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba. Su ne suka riƙa zuwa wurinta ƙungiya ƙungiya, su koya, su koma su koyar da na gida. Waɗannan su ake kira 'yan taru, kuma sha'aninsu ya kafu ne a zamanin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837. Shugabar kowace ƙungiya ana ce da ita jaji, sunan da fatake ke kiran mai ja musu gaba.

Na uku, kuma wanda ya fi nuna zurfin tunaninta, shi ne alamar da ta zaɓa wa jaji. Malafa da rawani kayan Inna ta Gobir ne, uwar bori, wadda mata suka saba girmamawa. Asma'u ba ta tsaya yaƙi da alamar ba. Ɗauko ta ta yi, ta ɗora wa malamanta malafa, ta naɗa musu jan rawani. Sai kwarjinin da mata suka sani tun kaka da kakanni ya koma wa ilmi.

Allah ya yi mata rasuwa a 1864, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, ya kuma ɗore har bayan zuwan Turawa.

Abin lura ga ɗalibai da ma'aikatanmu shi ne, babu ko ɗaya daga cikin kayan aikin Asma'u da aka yo odarsa daga wata ƙasa. Waƙa da malafa da tsarin ayari duk suna nan kafin a haife ta, kowa yana ganinsu. Abin da ta fi saura da shi guda biyu ne: zurfin karatu, da sanin halin mutanen da take son amfana. Wanda ya zauna a ofis yana jiran dabara ta faɗo masa daga sama, bai karanta ba, bai kuma fita ya ga jama'a ba, zai daɗe yana jira. Allah ya jiƙan Uwar Gari, ya sa Aljanna ce makomarta, amin.